Jiniya da Ƙararrawa: Tarihin Ikilisiyoyin Ma'aikata a Bompai, Sharaɗa da Chalawa

Duk wanda ya ratsa Bompai da hantsin ranar Lahadi zai tarar da unguwar masana'antu ta yi tsit. Manyan ƙofofin ƙarfe a rufe, tireloli jere a bakin titi, masu gadi zaune a inuwa. Amma da zarar ya karkata zuwa Birget ko Badawa ko Nomansilan, sai ya ji wani motsi na daban: kiɗan tulu da caki, mata suna amshi da Hausa, can gaba kuma ana wa'azi da harshen Ibo ko Yarbanci ko Turanci. Da yawa daga cikin masu wannan sujada ma'aikatan kamfanonin nan ne, ko 'ya'yansu, ko jikokin waɗanda aikin masana'anta ya kawo Kano.

An yi rubutu mai yawa a kan Kiristocin Kano, sai dai galibinsa ya ta'allaƙa ne ga ranakun tarzoma. An kuma yi rubutu a kan masana'antun Kano, galibinsa lissafin jari ne da ƙarancin wutar lantarki. Abin da ba a cika haɗawa ba shi ne yadda tarihin biyu ya sarƙe: yadda albashin masaƙa da majema ya gina majami'u, da yadda majami'un suka riƙe ma'aikaci a garin da ba shi da gona ko dangi, da kuma abin da ya same su bayan injuna sun tsaya.

Ƙofar da aka rufe, da wadda jirgin ƙasa ya buɗe

A shekarar 1900 wata tawagar 'yan mishan ta CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta iso Kano. A cikinta akwai wani matashin likita, Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya umarce su su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka koma ƙasar Zazzau, inda daga bisani Miller ya kafa aikinsa a birnin Zariya, aka kuma mayar da shi Wusasa a 1929.

Cin Kano da Turawa suka yi a 1903 bai sauya wannan hukunci ba. Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba, kuma jami'an da suka biyo bayansa suka fassara alkawarin da cewa ba za a bar mishan ta yi aiki a masarautun Musulmi ba sai da izini, izinin kuwa da wuya ake bayarwa. Ko makarantar boko ta farko da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, ta gwamnati ce, duk da cewa shi kansa tsohon ɗan mishan ne.

Saboda haka Kiristanci ya shigo Kano ne ta hanyar neman abinci. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kamfanonin Turawa da ofisoshin gwamnati suka buƙaci akawuna, direbobin jirgi, kafintoci da makanikai. Waɗannan suka zo daga Legas, Saliyo, Gwalkwas da garuruwan kudancin Najeriya, akasarinsu kuma sun yi makarantar mishan. A 1913 aka yanka masu Sabon Gari a wajen ganuwa. Majami'un farko na Kano, irin su Holy Trinity ta Angilika da cocin Baftis na 'yan kasuwar Ogbomosho, su waɗannan baƙi ne suka gina su da kuɗin aljihunsu, domin kansu. Limaman Katolika na ƙungiyar SMA suka zo suka tarar da mabiya suna jiransu.

Wannan asali ya bar tabo biyu. Na farko, ikilisiya a Kano ta taso a matsayin ƙungiyar ma'aikata da 'yan kasuwa masu ɗaukar nauyin kansu. Na biyu, tsarin mulkin mallaka ya killace ta a wuri guda, har ya zama a idon mutanen birni Kirista da baƙo kalma ɗaya ce. Sai a 1940 aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e ta Kano. Kafin nan jami'in Bature ne ke kula da ita.

Ƙofar da aka buɗe wa mishan daga baya ta magani ce da makaranta. A shekarun 1930 aka damƙa wa SIM kula da masu cutar kuturta a Yadakunya, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido wanda yau ake kira Asibitin Ido na ECWA, inda marasa lafiya ke zuwa har daga Nijar da Chadi. A 1948 matan zuhudu na St. Louis suka iso Kano daga Ailan, makarantarsu ta 'yan mata tana nan a Bompai har yanzu. A kan hanyar Bompai ɗin ne kuma cocin St. George yake, wanda a farko Turawan gwamnati da na kamfanoni ke sujada a cikinsa.

Zuwan injuna

Bompai ce ta fara zama unguwar masana'antu, tun a ƙarshen zamanin Turawa. Tana kusa da layin dogo da kantunan kamfanoni, kuma masana'antunta na farko sun dogara ne ga abin da ƙasar Kano ke samarwa: matse man gyaɗa, jimar fatu da ƙiraga, saƙa, sabulu, turare da alewa. Jarin ya fito daga kamfanonin Ingila, da Kwarori 'yan Labanan, da attajiran Kano.

Bayan ƙirƙiro jihar Kano a 1967, da samun wutar Kainji, da kuɗin man fetur na shekarun 1970, Bompai ta cika. Aka yanka Sharaɗa a kudu maso yammacin birni, kashi-kashi har uku, sannan Chalawa a wajen Panshekara, kusa da kogin da ta ci sunansa, inda manyan majemu suka tare saboda buƙatar ruwa. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka ƙara shigar da attajiran gida cikin harkar. Kano ta zama cibiyar masana'antu ta biyu a Najeriya bayan Legas.

Su wane ne suka cika waɗannan ma'aikatu? Binciken da Paul Lubeck ya yi a masana'antun Kano a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa mafi yawan leburori Hausawa ne Musulmi daga karkara, da yawansu kuma sun yi almajirci. Amma aikin da ke buƙatar takardar makaranta ko ta koyon sana'a, kamar akawu, mai kula da sito, mai gyaran inji da mai haɗa wuta, ya daɗe a hannun waɗanda suka fito daga makarantun mishan. Kafin 1966 'yan kudu ne, musamman Ibo, suka fi yawa a nan. Kashe-kashen watan Mayu da na ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoban wannan shekara suka kore su, majami'u da dama a Sabon Gari suka zama kusan kufai har zuwa ƙarshen yaƙin basasa a 1970.

Gurbin da suka bari ya jawo wasu sababbin baƙi, wannan karon daga cikin Arewa: Atyap da Bajju da Ham daga kudancin Zazzau, Angas da Birom daga Filato, Bura da Margi daga kudancin Borno, Bacama daga Numan, Tangale daga ƙasar Gombe, Dakarkari daga Zuru, Tibi da Idoma daga Binuwai. Da Ibo suka dawo bayan yaƙi, da yawansu suka karkata ga kasuwanci. Ta haka fuskar Kiristanci a Kano ta sauya, kuma ya fara fita daga Sabon Gari, domin sababbin ma'aikata sun nemi hayar ɗaki kusa da wurin aiki: Birget, Tudun Wada da Dakata ga na Bompai, Ja'en, Sheka da Sharaɗa ga na tsakiya, Panshekara da kewayenta ga na Chalawa.

Sujada da Hausa

Waɗannan 'yan Arewa sun zo da wani abu da baƙin farko ba su da shi: Hausa ce harshen addu'arsu. Dalilin yana komawa ga shawarar da ƙungiyoyin mishan suka yanke tun farkon ƙarni na ashirin. Da aka hana su masarautu, suka koma ga ƙabilun tsakiyar Najeriya masu harsuna barkatai, sai suka ɗauki Hausa a matsayin harshen koyarwa da horar da masu bishara. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, Miller na cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassararsa, sannan aka fitar da sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970. Littafin Waƙoƙi ya bi shi zuwa kowane ƙauye.

Sakamakon haka, saurayin da ya baro Kagoro ko Fankshin ko Biu ya sauka a Kano ya riga ya san kalmomin ibadarsa da harshen garin: sujada, addu'a, wa'azi, baiko, zumunta, alheri, Jibin Ubangiji. Yana kiran Mahalicci da sunan da maƙwabcinsa Musulmi ke kiransa. Wanda yake Bajju da wanda yake Bura ba sa jin yaren juna, amma a benci ɗaya suke rera waƙa ɗaya. Abin da ake kira sashen Hausa a majami'un Kano, mafi yawan membobinsa ba Hausawa ba ne. Hausa ce ta mayar da su jama'a ɗaya.

Ikilisiyoyin da suka taso daga mishan sun bi 'ya'yansu zuwa birni. ECWA, wadda ta fito daga SIM a 1954, ita ce ta fi yaɗuwa. Waɗanda suka fito daga SUM da 'yan'uwanta sun haɗu a tarayyar da aka kafa a 1955, wadda yau ake kira TEKAN, kuma don kada ma'aikatan da suka yi ƙaura su watse aka samar da HEKAN, wato Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Najeriya, mai hedikwata a Kaduna. Daga baya COCIN ta Filato, EYN ta Borno da Adamawa, LCCN ta Numan da NKST ta Tibi kowace ta buɗe rassanta. Daga shekarun 1970 kuma Maguzawa da yawa a karkarar Kano da Katsina suka karɓi Kiristanci, 'ya'yansu suka shigo birni neman aikin gadi da leburanci. Su ne ake kira Masihiyawa, kuma kasancewarsu ta rushe tsohon zaton cewa kowane Kirista a Kano baƙo ne.

Girman jama'ar ya bayyana a tsarin shugabanci. Angilika ta kafa dayosis na Kano a 1980. Katolika ta ɗaga Kano zuwa cikakken dayosis a 1999, babban cocinta kuma shi ne Our Lady of Fatima.

Abin da ikilisiya ta yi wa ma'aikaci

Rayuwar masana'anta tana tafiya ne da jiniya. Akwai masu aikin safe, da na rana, da na dare, ana karɓa-karɓa. Ma'aikaci Musulmi ya yi gwagwarmayarsa da wannan agogo, kuma Lubeck ya nuna yadda neman lokacin salla ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka haɗa kan leburori a gaban masu kamfani. Ma'aikaci Kirista ya sami Lahadi a matsayin hutu tun daga tsarin Turawa, amma injin da ba ya tsayawa ba ya sanin Lahadi. Shi ya sa ikilisiyoyin unguwannin ma'aikata suka yawaita lokutan taruwa: addu'ar asuba kafin fita aiki, sujada ta farko da ta biyu, nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako, da taron addu'a na gida-gida. Wanda aikin dare ya hana shi wannan, zai sami wancan.

Yawancin waɗannan ikilisiyoyi sun fara ne a falon wani ko a ajin makaranta. Idan jama'a ta ƙaru sai a yi rumfar kwano, a naɗa dattawa, a roƙi uwar ikilisiya a Sabon Gari ta turo mai bishara. Ginin bulo yana zuwa ne a hankali, daga baikon ƙarshen wata da na bikin godiya na kaka. Manomi a ƙauye yana kawo damin dawa. Ma'aikaci a Kano yana kawo abin da ya yanka daga albashi, birkila da kafinta da mai walda kuma suna ba da ranar Asabar ɗinsu kyauta.

Ƙarfin ikilisiya yana cikin ƙungiyoyinta, kuma babu wadda ta kai Zumuntar Mata. Da anko ɗinsu da tulunsu da cakinsu, matan zumunta su ne suka ƙirƙiro salon waƙar coci da Hausa wanda bai yi kama da waƙoƙin Turawa da aka fassara ba: mai bayarwa ta bayar, sauran su amsa, kamar yadda ake yi a dandali. Amma aikinsu ya wuce waƙa. Su ke zuwa barka, su ke kwana da marar lafiya a asibiti, su ke dafa abincin zaman makoki, su ke shiga tsakanin mata da miji, su ke riƙe adashi. A gefensu akwai zumuntar maza, ta matasa, ƙungiyar mawaƙa, Birged ta yara maza da ta mata, da 'yan Sabon Rai, waɗanda suka samo asali daga shirin bisharar Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960. A Katolika ƙungiyar mata ta CWO da ta St. Vincent de Paul suna ɗaukar irin wannan nauyi.

Muhimmancin wannan yana fitowa idan aka dubi halin ƙwadago a Kano. Gunilla Andrae da Björn Beckman, a nazarinsu na masaƙun Najeriya, sun nuna cewa ƙungiyar ƙwadago ta fi ƙarfi a manyan masaƙun Kaduna, alhali a Kano, inda kamfanoni suka fi ƙanƙanta kuma suke hannun iyalai 'yan kasuwa, masu kamfani sun fi yi mata turjiya, aiki kuma ya fi dogara ga sanayya. Lebura Bahaushe yana da ƙauyensa kusa, yana da malaminsa da maigidansa, idan aka sallame shi yana iya komawa gona. Wanda ya zo daga Langtang ko Garkida ba shi da ko ɗaya a kusa. Ikilisiya ce ta zame masa gari: a nan sabon zuwa ke samun tabarmar kwana, a nan dattijon da ya daɗe a kamfani ke yi masa hanyar aiki, a nan yake samun mata, kuma idan ya rasu a nan ake haɗa kuɗin motar da za ta kai gawarsa gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar baƙo ta fi nauyi.

Shekarun gwaji

Fitowar majami'u daga Sabon Gari ta zo da tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba: a ina aka yarda a gina coci? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana kukan cewa samun takardar mallakar fili don coci a Kano abu ne mai wuyar gaske, hukumomin tsara birni kuma suna cewa gine-ginen da suke rushewa an yi su ne ba da izini ba. Tsakanin maganganun biyu, ikilisiyoyi da yawa na unguwannin ma'aikata suka rayu a filin da takardarsa ta gidan zama ce.

Rikicin Oktoban 1982 a kan wannan batu ya tashi. Cocin Angilika na Hausa da ke Fagge ya riga babban masallacin Juma'a na unguwar zuwa wurin, amma da aka soma sabon gini mai girma, wanda Akbishop na Kantabari Robert Runcie ya aza harsashinsa a farkon shekarar, sai aka yi zanga-zangar cewa ya yi kusa da masallaci. 'Yan sanda suka tsare cocin, masu tarzoma suka ƙona wasu majami'u a Sabon Gari. A Oktoban 1991 shirin taron wa'azin Reinhard Bonnke, Bajamushe, ya haifar da tarzomar da aka yi asarar rayuka masu yawa daga ɓangarorin biyu. Ƙaddamar da shari'a a 2000 ta ƙara zullumi, ko da yake an bayyana cewa dokokin ba su hau kan wanda ba Musulmi ba.

Ga ikilisiyoyin unguwannin masana'antu, babbar jarrabawa ita ce ta Mayun 2004. A watan Fabrairun shekarar an kashe Kiristoci a Yelwan Shandam ta jihar Filato, wasunsu a cikin coci. A farkon Mayu kuma aka kashe ɗaruruwan Musulmi a garin. Ranar 11 ga Mayu zanga-zangar nuna alhini a Kano ta rikiɗe ta zama ramuwar gayya. Wannan karon ba a kai ga Sabon Gari ba, inda jama'a ke da yawa kuma suke cikin shiri. Abin ya faɗa ne a kan waɗanda ke zaune tsakiyar maƙwabta Musulmi a Sharaɗa, Ja'en, Ɗorayi, Panshekara da Chalawa, da yawansu ma'aikatan kamfani. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe fiye da mutum 200 cikin kwana biyu, wasu daga harsashin jami'an tsaro. Dubbai suka fake a barikokin soja da na 'yan sanda, har da hedikwatar Bompai. Rahoton ya kuma kawo shaidar waɗanda maƙwabtansu Musulmi suka ɓoye su a gida har ƙura ta lafa.

Abin da ya biyo baya shi ne ƙaura ta cikin gari. Iyalai da yawa ba su koma ɗakunansu ba. Suka matsa Sabon Gari da Nomansilan da Badawa da gefen barikoki, wasu suka bar Kano ɗungurungum. Ikilisiyoyin da aka shekara ashirin ana ginawa a kudancin birni suka rage jama'a. Cakuɗuwar da masana'antu suka kawo ta fara warwarewa, taswirar gari ta koma kusa da wadda Turawa suka zana a 1913.

Zamanin Boko Haram ya zo da nasa salon. Harin 20 ga Janairun 2012, wanda ya haɗa da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, ya kashe aƙalla mutum 185, akasarinsu Musulmi. Ranar 29 ga Afrilun shekarar aka buɗe wuta kan masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. A Maris 2013 bam ya tashi a tashar motar New Road, a Yulin 2014 kuma a cocin Katolika na St. Charles. A Nuwamban 2014 aka kai wa babban masallacin Juma'a na birni harin da ya kashe fiye da mutum ɗari. A waɗannan shekaru zuwa coci ya haɗa da shingen ƙarfe, da na'urar bincike, da hana mata shiga da jaka, 'yan Birged kuma suka koma masu tsaron ƙofa. Amma a cikin Janairun 2012 ɗin ne, lokacin zanga-zangar janye tallafin mai, aka ga matasa Kiristoci sun kewaye Musulmi suna salla a dandalin Silver Jubilee, sannan wata tawagar Musulmi ta zaga majami'un Sabon Gari ranar Lahadi don kwantar da hankalin masu ibada.

Bayan injuna sun yi shiru

Akwai wata masifar da ba ta da ranar tunawa, amma ta taɓa ikilisiyoyin nan kamar yadda tarzoma ta taɓa su. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da sinadarai suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama ba tabbas, kamfanoni suka koma kan janareta da baƙin mai. A ƙarshen shekarun 1990 aka sassauta shigo da yadi, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, ta halal da ta fasa-ƙwauri. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har da Gaskiya Textile wadda a da ake alfahari da ita. Gine-gine da yawa a Bompai da Sharaɗa suka koma sito. Kamfanonin roba da leda, da majemu, da injinan shinkafa da na abin sha suna nan suna aiki, sai dai da yawa sun koma ɗaukar ma'aikatan wucin gadi ta hannun 'yan kwangila, ba fansho, ba giratuti.

Ikilisiyar da albashin wata ya gina ta ji wannan a farantin baiko. Masu bayarwa suka ragu, masu buƙata suka ƙaru. Dattijon da a da yake sama wa samari aiki ya koma neman na kansa. Mata, ta hanyar ƙananan sana'o'i da adashin zumunta, suka ɗauki nauyin gidaje da yawa. Majami'u suka buɗe makarantun nasare da firamare a harabarsu, don ilimin yara da kuma samar wa matasa aikin koyarwa.

Salon ibadar ma ya sauya. A daidai wannan lokaci ne ikilisiyoyin Fentikos suka bunƙasa: Deeper Life, Redeemed, da Living Faith wadda ta yi ƙarfi daga Kaduna. Suna wa'azi da Turanci, suna kwanan addu'a, suna magana kai tsaye a kan aiki, ciniki, lafiya da buɗi. Ga matashin da aka haifa a Birget, wanda bai san ƙauyen iyayensa sosai ba kuma bai gaji aikin ubansa a kamfani ba, wannan saƙo ya fi kusa da damuwarsa. Tsofaffin ikilisiyoyi suka amsa da buɗe sashen Turanci da shigo da kayan kiɗan zamani. Yau a coci ɗaya za a tarar da iyaye a sujadar Hausa, 'ya'yansu a ta Turanci, kuma dattawa suna tambayar wanda zai riƙe Littafin Waƙoƙi nan da shekara talatin.

Abin da ke kan sikeli

Ana yawan auna mutuwar masana'antun Kano da guraben aikin da aka rasa da harajin da ya tsere. Akwai asara ta uku. Zauren masana'anta yana cikin wurare ƙalilan da tsohon almajiri daga Gaya da ɗan mishan daga Zonkwa suke tsayawa gaban inji ɗaya sa'a takwas, su ci abinci a rumfa ɗaya, su shiga yajin aiki tare, wannan ya riƙe wa wancan aiki ranar Juma'a, wancan ya rama masa ranar Kirsimeti. Sanayyar da ta sa wani ya buɗe wa maƙwabcinsa ƙofa a Mayun 2004 a irin waɗannan wurare ake ƙulla ta. Idan aiki ya rabu, unguwa ta rabu, makarantar yara ta rabu, kowane ɓangare zai san ɗayan ne ta bakin mai wa'azi da wayar hannu kawai.

Shi ya sa maganar farfaɗo da Bompai, Sharaɗa da Chalawa, ko ta bututun iskar gas na AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 ko ta gyaran wutar lantarki, ta shafi zaman tare kamar yadda ta shafi tattalin arziki. Haka ma batun fili: ƙa'ida bayyananniya, wadda kowa ya san sharuɗɗanta, a kan inda za a gina wurin ibada, za ta cire ƙaya ɗaya da ta daɗe tana sukan ɓangarorin biyu tun 1982.

Ikilisiyoyin kansu sun nuna abin da ke riƙe su. Sun ga an watse a 1966 an dawo, sun ga an ƙone an sake ginawa, sun ga kamfanin da ya tara su ya rufe. Yawancin membobinsu na yau a Kano aka haife su, Hausar Kano suke yi, kuma ba su da wani gari da ya fi wannan zama nasu. Ranar Litinin da asuba, waɗanda har yanzu suke da aiki za su hau Adaidaita Sahu ɗaya da maƙwabtansu zuwa Sharaɗa da Chalawa, kowa da addu'ar da ya yi kafin ya fito.